Lauyan nan mai yaƙi da sunayen cin mutunci, doka tana bayansa kuwa?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon wanda ya san shari'a ya ba ni amsa tsakaninsa da Allah.

Akwai wani lauya a nan Katsina da ya ɗora wa kansa aikin yaƙi da sunayen da ake jifan mutane da su saboda ƙabilarsu, ko asalinsu, ko launin jikinsu. Na ji shi a rediyo, an kuma ce mani yana bin makarantu da tashoshin mota yana yi wa mutane bayani, ba ya karɓar ko sisi. Maganarsa ita ce, ka kira mutum arne, ko nyamiri, ko ɗan bayi, ko ka ga Bafulatani ka ce ga ɓarawon daji, ba ƙaramin abu ba ne, wani lokaci ma laifi ne da alƙali zai iya ɗaure mutum a kai. Yayana da muke shagon ɗinki tare ya ce duk wannan surutun 'yan boko ne. Wai wariyar launin fata rigimar Turawa ce da baƙaƙen Amurka, mu nan dukkanmu baƙaƙe ne, to wa zai ware wa?

Ni kuwa abin ya iso har ƙofar gidana. Matata Bafulatana ce, iyayenta mutanen wata ruga ce ta wajen Batsari. Su ma an kore masu shanu, an kashe ƙanin mahaifinta, suka taso ba shiri suka watse cikin garuruwa. Surukata tana wurinmu yanzu, tana dama fura tana sayarwa a ƙofar gida. Muna da zauren WhatsApp na unguwa da aka buɗe don maganar gyaran taransifoma da kuɗin 'yan sintiri. Makon jiya wani maƙwabcinmu ya saka saƙon murya, yana cewa duk Bafulatani ɗan bindiga ne, na daji da na gari duk ɗaya, kuma a sa ido a kan "gidan infoma" da ke layinmu. Bai kama sunana ba, amma a layin nan gida ɗaya ne ke da Fulani a ciki.

Tun daga ranar ƙaramar ɗiyata ta daina son zuwa Islamiyya, yara suna ce mata ɗiyar ɓarayi. Masu sayen furar tsohuwa sun ja baya. Kuma duk wanda ke jihar nan ya san abin da kalmar infoma take jawo wa mutum yanzu, ba sai na faɗa ba. Barci ya ƙaurace mani, da na ji babur ya tsaya a layi da dare sai in tashi zaune.

To, da gaske ne akwai doka a kan irin wannan, ko kuwa lauyan yana tsorata mutane ne don su gyara bakinsu? In akwai, ina ake kai ƙara, kuma mutumin da bai ambaci sunana ba ta ina zan kama shi? Ba na neman a ɗaure kowa, maƙwabcina ne, 'ya'yanmu tare suka tashi. So nake a cire wa gidana wannan suna.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya huci zuciyarka. Kafin ka je gaban kowane alƙali, ka ɗauki limamin masallacinku ku je wurin mai unguwa, a kira mutumin nan a zauna. Magana zarar bunu ce, amma wanda ya furta ta yana da bakin da zai tsaya gaban mutane ya ce ƙarya na yi.

Game da lauyan kuwa, ni ma na ji shi, kuma akwai abin da nake jin tsoro. Mun tashi mun tarar da Bafulatani da Babarbare suna kiran juna bawa a tsakiyar kasuwa, kowa na cewa shi ne ubangidan wani. Bagobiri da Bayarabe haka, Bakano da Bazazzagi haka. A cikin gida ma ɗan mace da ɗan namiji suna wasan taubasantaka, watan cika-ciki a bi juna ana karɓar kuɗin shara. Ban taɓa ganin an zubar da jini a kan wannan ba. Sau da yawa ma shi ke kashe wutar rigima, mutum biyu sun ɗauki zafi, sai a gano abokan wasa ne, shi ke nan magana ta mutu. Idan aka ce duk wanda ya ambaci ƙabilar wani da tsokana ya taka doka, za mu wayi gari yaranmu ba su san wannan gadon ba, kowa yana kallon kowa a ɗarare.

Amma fa abin da maƙwabcinka ya yi ba shi da alaƙa da wasa. Wasa yana da ƙa'ida: ku biyu kun san da shi, wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take, kuma ana tashi da dariya, wani lokaci har da kyautar goro. Wannan ya nuna gidan mutum ne ga masu gora da adda. Ina so dai lauyan, in yana karanta mu, ya gaya mana ina ya ja layi.

Lauya:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wani abokin aikina ne ya turo mani wannan, ya ce da ni ake. Malam, Allah ya ba ka haƙuri kai da iyali, ka gaishe mani da tsohuwa. Baba Hedimasta, ina gaisuwa, zan zo kan tambayarka.

Abin da ya fi gaggawa tukuna. Kada ka goge saƙon nan, kada ka fita daga zauren, kuma kada ka mayar da martani komai zafin da kake ji. Ka adana muryar, ka ɗauki hoton fuskar wayar yadda za a ga lambar wanda ya turo da rana da lokaci, ka nemi mutum biyu ko uku da suka saurara suka kuma gane gidanka ake nufi. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta, amma tana neman a yi bayanin na'urar da yadda aka ciro shi. Saboda haka ka riƙe ita wayar da saƙon ya shigo, kada ka sayar da ita ko ka wanke ta.

Yanzu doka. Mutane sun fi sanin sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko garin da ya fito, ko jinsi, ko addini, har ya ƙara da cewa ba a tauye mutum don yanayin haihuwarsa. Sashe ne mai daraja, sai dai an gina shi ne a kan dokoki da ayyukan gwamnati, ba shi ne makamin da ya fi dacewa da maƙwabci ba. Abin da ke kama maƙwabci yana cikin kundin Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka. A lambobin tsohon kundin Arewa, waɗanda lauyoyi suka saba da su, sashe na 399 ya yi magana a kan zagi da gangan wanda mai yinsa ya san zai iya jawo tashin hankali, ɗauri har shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 392 hukuncin ɓata suna ne, shi ma har shekara 2. Sashe na 417 kuma na wanda ya nemi cusa ƙiyayya ko raini a kan wani jinsin mutane ta yadda zaman lafiya zai shiga haɗari, har shekara 3. Jihohi sun yi wa kundinsu gyare-gyare, lambobi kan sauya wuri, amma laifukan suna nan.

Da yake ta waya ya yi, akwai dokar laifukan intanet ta 2015. Sashe na 26 nata ya ambaci wanda ya yi barazana, ko ya zagi mutane a bainar jama'a ta na'ura, saboda launinsu, ko zuriyarsu, ko ƙasarsu, ko ƙabilarsu: ɗauri har shekara 5, ko tara har naira miliyan 10, ko duka. Wannan babbar kotun tarayya ce ke saurare, kuma hukuma ce ke gurfanarwa, ba kai ba. Hanya ce mai nisa, ba ita zan fara nuna maka ba.

Wadda ta fi kusa da buƙatarka ita ce ƙarar ɓata suna. A nan kotu tana bambancewa. Zagin da aka yi cikin fushi, wanda masu ji suka san hayaniya ce kawai, ba kasafai ake ɗaukarsa ɓata suna ba. Amma ka jingina wa mutum laifin da ake ɗaure mutum a kansa, kamar ka ce infoman 'yan bindiga ne, wannan ba sai ya kawo shaidar asarar kuɗi ba kafin a saurare shi. Rashin kama suna kuma ba ya kuɓutar da mai magana, muddin masu hankalin da suka ji sun fahimci wa ake nufi. Shi ya sa na ce ka nemi shaidun nan.

Ka gaya wa yayanka, cikin ladabi, cewa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariya, wadda Najeriya ta shiga a 1967, ba launi kaɗai ta lissafa ba, ta haɗa da zuriya da ƙasa da ƙabila. Hutu da Tutsi na Ruwanda duka baƙaƙe ne, harshensu ɗaya. A 1994 gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran Tutsi kyankyasai, yana karanta sunayen mutane da inda suke ɓoye, aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100 ko kusa da haka. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta samu mutum uku na kafofin yaɗa labaran ƙasar da laifi, Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza da Hassan Ngeze. Ban ce Katsina Ruwanda ce ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake so a lura da shi shi ne tsarin: a fara sa wa jinsi guda suna, sannan a nuna gida. Maƙwabcinka ya yi duka biyun a saƙo ɗaya.

Abin da ya tura ni tashoshin mota shi ne fayilolin da nake karantawa. In an kawo shari'ar sara ko ƙone gida, ka bi bayanan shaidu daga farko, sau da yawa za ka tarar kafin a zaro wuƙa an jefi wani da suna. Mu lauyoyi a makare muke isowa, bayan an yi jana'iza. Na ga gara in je inda ake furta sunan, in yi magana da kamasho da direba da ɗan acaɓa, tun ba a kai ga fayil ba.

Baba, ba na faɗa da wasan barkwanci, ni ma ina da abokan wasa. Maƙwabtanmu na Nijar sun kai nasu har hukumar UNESCO, aka sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Inda na ja layi shi ne inda kai ma ka ja: wanda aka tsokana, zai iya ramawa ya koma gida lafiya? Babarbare ya ce wa Bafulatani bawa, Bafulatani ya rama, ba wanda ya rasa barci. Amma yau a tashar mota ka nuna wani saurayi mai sanda ka ce ɓarawon daji, ba shi da amsar da za ta fid da shi in mutane suka taru.

Kuma kada a ɗauka ɗauri nake nema wa jama'a. Lokacin da Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya sake kawo ƙudurin kalaman ƙiyayya a 2019, mai ɗauke da hukuncin rataya idan magana ta jawo mutuwa, ina cikin waɗanda ba su yarda ba, kuma ƙudurin bai zama doka ba. Doka mai nauyi irin wannan a hannun masu mulki take ƙarewa. Mun ga yadda aka yi ta kama 'yan jarida da sashe na 24 na ita wannan dokar intanet, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka gyara shi a 2024. Dokokin da muke da su sun isa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za su ji irin saƙon nan a zaure su ce wa mai shi ka janye.

Baƙo Daga Yamma:

Barista, da girmamawa, amma maganarka ta yi mani zafi. Ni daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Safana na taso, yanzu a kangon wani bawan Allah muke kwana a bayan gari, ni da mata da yara da 'ya'yan wana da aka harbe a gona. Waɗanda suka zo mana mun ji yaren da suke yi, mun ga fuskokinsu, wasu ma mun san iyayensu. Ba a rediyo muka ji ba. Kuma infoma ba ƙage ba ne, ba yadda za a yi a san ranar da mutum ya sayar da sa, a zo masa a daren, in ba da ɗan gari ba.

Ina kuke lokacin da ake kwashe mana mata? Wace kotu ce ta bi mana jinin wana? Yanzu an zo ana koya mana yadda za mu yi magana. Ku fara kare mana rai, sannan ku zo maganar suna. Ban ce a taɓa gidan mai tambaya ba, tsohuwar nan ita ma abin da ya koro ni shi ya koro ta, na yarda. Amma kada a mai da mu masu laifi don mun faɗi abin da idonmu ya gani.

Ɗan Daura a Legas:

Yaya na Safana, Allah ya jiƙan wanka, ya mayar da ku gida lafiya. Ina so ka ji yadda abin yake in kai ne a ɗaya ɓangaren.

Ina sayar da albasa da tattasai a Mile 12. A nan ba wanda ya damu ko kai Bahaushe ne, ko Bafulatani, ko Babarbare, ko ɗan Nijar. Suna ɗaya gare mu duka, aboki, kuma wanda ya zauna a Kudu ya san in an ja kalmar da wata irin murya ba abota ake nufi ba, ana nufin jahili, ƙazami, wanda za a iya yi wa komai. In wani ɗan Arewa ya yi laifi a wata unguwa, duk mai hula ne zai kwana da ido ɗaya. Ka tuna Uromi ta jihar Edo, watan Maris na 2025: mafarauta 16 sun taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, aka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe su. Mutanen yankin su ma suna da nasu kukan, an sace masu 'yan uwa a gonaki. Zafinsu gaskiya ne, amma waɗanda suka kashe ba su ne suka sace masu kowa ba.

Abin da ke damuna da mu shi ne, in na zo gida Daura muka zauna gidan kallon ƙwallo, kowa ya yi tir da zagin wariyar launin fata da aka yi wa ɗan ƙwallo Vinicius a filin Valencia a 2023, kowa ya yi murna da kotun Sifen ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata 8 a 2024. Ana tashi daga kallo sai ka ji an aiki yaro, je wurin nyamirin can ka sayo mani magani. Mutumin nan ya shekara da shekaru a garin, 'ya'yansa Hausa suka fara ji kafin yarensu, yana ba mu bashin magani, amma har yau ba mu koyi sunansa ba. Haka Hausawa 'yan uwanmu na wajen Malumfashi da Kafur da ba Musulmi ba, a gabansu ake cewa arna. Barista, in ka zo tashar Daura ka faɗi wannan ma, kada ka tsaya kan wanda ake yi mana kaɗai.

Malamar Islamiyya:

Assalamu alaikum. Ni hankalina yana kan yarinyar. Malam, ka je da kanka wurin shugaban makarantarsu, kada ka aika. Yara ba su ƙirƙiro kalmar ba, daga gida suka ɗauko, amma a aji ake iya tsayar da ita. Ni in irin wannan ta faru a ajina, nakan ajiye darasin ranar in buɗe masu Suratul Hujurat, aya ta 11, inda Allah ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ya kuma hana jifan juna da miyagun laƙabobi, sannan aya ta 13, cewa an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna. In ba su labarin Abu Zarr, Allah ya ƙara masa yarda, da ya aibata wani mutum da uwarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa kai mutum ne da akwai sauran jahiliyya tare da kai. Yara suna jin wannan sosai, don sun san girman sahabi. Bayan haka sai in ba yarinyar da aka tsangwama wani aiki a gaban aji, jan karatu ko riƙon rajista, su saba ganinta a gaba.

Barista, akwai wanda ba a faɗi a tasha, a cikin ɗaki ake raɗa shi, shi ne ɗan bayi. Mu mata mun san auren da aka fasa bayan an kai kayan sa rana, don wata gwaggo ta tono cewa kakan kakan yaron a gidan wane ya tashi. Yaro mai karatu, mai sana'a, mai sallah. Haka yarinya baƙa tana ji tun tana ƙarama ana yabon ƙanwarta da fara ce, sai ta girma ta kama shafe-shafen da zai ɓata mata fata. Wannan ba ƙarar da za a kai, amma in kana wa'azinka ka tuna da mu, ka nemi a haɗa ka da makarantun matan aure.

Lauya:

Malam na Safana, Allah ya jiƙan ɗan'uwanka, ya raya abin da ya bari. Ba ni da bakin da zan ce maka ka yi shiru, kuma gaskiyarka ce, shari'a ba ta biya ku haƙƙinku ba. Wanda ka gani da idonka, ka san shi ka san ubansa, ka faɗi sunansa, wannan shaida ce, ni kaina zan zauna da kai mu rubuta ta mu kai inda ya dace ba tare da ka biya komai ba. Abin da nake roƙo a bari shi ne a ɗauki laifin wane a rataya wa duk mai irin fuskarsa. Wannan ba ya kama ɓarawo, ɓoye shi yake yi. In an ce duka ɓarayi ne, ba wanda zai tsaya neman takamaiman wanda ya harbi wanka. Bafulatanin da ya san hanyar dajin, wanda shi ma an kore masa shanu, da zai iya ba da labari, in ya ga shigowa gari ma haɗari ne gare shi sai ya kama bakinsa. Su kuma infoma da ake kamawa, kai ma ka sani ba ƙabila ɗaya ba ne, akwai ɗan gari da ake sallah sahu ɗaya da shi. Mai neman infoma da yare zai wuce na gaskiyar a ƙofar masallaci.

Ɗan'uwa na Legas, na karɓa, kuma ina faɗin na nyamiri da na arne duk inda na je, a nan ne ma aka fi yi mani gardama.

Malama, maganar bayi ba tsohon labari ba ce a yankinmu. A 2008 kotun ECOWAS ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12, ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Nan kusa da mu ne, ba wata duniya ba. Ki turo mani saƙo ta akwatin sirri mu tsara zuwa makarantar matan.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Baba, mun je wurin mai unguwa da liman, an sa zama ranar Juma'a bayan la'asar. Maƙwabcin ya aiko ƙaninsa cewa zai ba ni haƙuri a zauren mai unguwa, amma ba zai sake saka wata murya a WhatsApp ba, wai zubar da girma ne. Barista, in karɓa haka?

Lauya:

Ka karɓi haƙurin, amma kada ka tsaya nan. Mutanen da suka ji zargin ba su duka za su halarci zauren mai unguwa ba, kuma su ne haɗarin. A inda ya faɗa, a nan zai janye, da muryarsa, ya ce abin da ya faɗa a kan gidan ba shi da hujja a kai. A rubuta yarjejeniyar a takarda, shi da kai da mai unguwa da liman ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ka je da wayar da shaidunka, ka bar yayanka ko wani babba ya yi maka magana in ka ji zuciya na tasowa. In ya ƙi, kada ka yi musu da shi a wurin, ka sanar da ni ranar Asabar in rubuta masa takardar gargaɗi mai wa'adin kwana 7, sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda na yankinku a rubuce, don a san an nuna gidanka tun kafin wani abu ya faru.